Keken da sai an yi masa caji kafin ya canza giya

Jama'a, masu hawan keke da masu shirin saye, ina da magana a kan wannan sabon yayi na kekunan hawa duwatsu da ake ta yayatawa a gurup-gurup ɗinmu. Kullum sai wani ya turo bidiyon sabon samfuri daga Amurka ko Jamus, a yi ta zuba yabo, a ƙarshe a juyo kan mai tsohon keke a ce masa an wuce wurin. Ni dai ban yarda an wuce ko'ina ba. Mafi yawan abin da ake kira ci gaba a wannan harka dabara ce ta tsofar da keken da ke hannunka tun bai tsufa ba.

Ku duba taya. Shekara da shekaru keken dutse inci 26 yake ɗauka, duk mai faci a bakin titi yana da tiyub ɗinsa. Sai aka ce 29 ta fi hawa kan duwatsu. Aka dawo aka ce a'a, 27.5 ce tsaka-tsaki. Daga baya aka ce a sa 29 a gaba, 27.5 a baya. Yanzu kuma 32 ake gwadawa. Haba! Cibiyar tayar baya ma haka ta sha: daga milimita 135 zuwa 142, zuwa 148 da suka sa wa suna Boost, har da 157. Tsakanin 142 da 148 milimita shida ne kacal, bai kai kaurin biro ba, amma ya isa ya hana tayar tsohon kekenka shiga sabon firam sai da dabara.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne giyar lantarki. Shimano ya kawo ta kan keken dutse a 2014, SRAM kuma ya fito da tasa mara waya, AXS, a 2019. Wato aikin da wata 'yar waya ta ƙarfe ke yi, wadda in ta tsinke za a sauya maka ita kafin ka gama shan ruwan leda, yanzu sai da batir da caja, har da manhaja a wayar salula. A ƙasar da ake ɗauke wuta kwana biyu ba ko sannu. Ka je ka faɗa wa bakanike cewa kekenka ya ƙi canza giya don cajinsa ya ƙare, ka ga kallon da zai yi maka. Ga kuma sabon salo na cusa wayoyin birki ta cikin wuyan keke don a ce ya yi tsaf a hoto. Boris ɗin wuya ya ci, aikin minti ashirin a da, yanzu sai an kwance birkin mai, an sake ɗura mai an fitar da iska.

Kada wani ya ce ina ƙin zamani ne. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi tsohon birkin roba nesa ba kusa ba, musamman da damina, kuma wanda ya taɓa gangarowa daga duwatsun Jos cikin ruwan sama ba sai an yi masa bayani ba. Tayar da ba tiyub, mai ruwan da ke toshe huda da kansa, alheri ce a ƙasar da ƙaya ta yi wa yawa. Sirdin da ke sauka in ka danna shi ma yana da amfani a gangara. Waɗannan sun magance matsalar da mahayi ke da ita da gaske.

To amma firam ɗin kabon fa? Ba shi da nauyi, gaskiya ne. In ya tsage, mai walda ba shi da abin da zai yi maka. Na ƙarfe kuwa, ko a ƙauye ne za a liƙe shi ka iso gida. Mutumin da ke ɗauke da tumbi kilo goma na ƙari, kamar yawancinmu da muka haura arba'in muna zaman ofis, ya je ya biya miliyoyi don a rage wa kekensa rabin kilo. Malam, rage tuwon dare ya fi araha.

Mu zo kan kuɗi. Manyan kekunan nan, musamman masu injin lantarki, suna kai dala 10,000, wasu ma su wuce. In ka canza a kan naira 1,500, miliyan 15 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ka raba ka gani: kusan shekara 18 ma'aikaci zai yi bai ci ba bai sha ba.

Wani zai ce ai ba wanda ya tilasta maka, mai kuɗinsa ya sayi abin da yake so. Haka ne, amma ku lura da inda abin zai biyo ya same mu. Mu a nan ba sababbi muke hawa ba, na gwanjo muke hawa, waɗanda Turawa suka gama da su. Kekunan inci 26 da ke kasuwanninmu yau an yi su ne lokacin da kayan wannan kamfani ke shiga keken wancan. Nan da shekara goma, abin da za a sauke mana daga kwantena shi ne na yau: mai mataccen batir da aka daina yin irinsa, mai injin da sai kwamfutar dila ke gane ciwonsa, mai shokozoba da ba a samun robobinsa. Kuma wannan na zuwa ne daidai lokacin da mutane suka koma wa keke da gaske. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, na ga abokan aiki da dama sun ajiye mota da babur sun kama feda, ba don motsa jiki ba, don albashi ya kai ƙarshen wata.

Abin dariyar shi ne asalin wasan ma ba na masu hali ba ne. A shekarun 1970 samari ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, irin su Joe Breeze da Gary Fisher, suka tattaro tsofaffin kekuna masu fatun taya suna gyarawa da hannunsu suna gangarowa daga dutse. Sai a 1981 Specialized ya fara yin Stumpjumper da yawa don kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kuma kamfanonin sun san yadda ake yin keke mai ƙarko. F.K. Day, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, yana cikin waɗanda suka kafa World Bicycle Relief a 2005, masu yin keken Buffalo na ƙarfe da ake rabawa a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, wanda bayansa ke ɗaukar kilo 100.

Don haka in za ka saya, ka fara zuwa wurin mai gyaran unguwarku ka tambaye shi wace taya da wace sarƙa yake samu a kasuwa. Ka nemi firam na ƙarfe ko alminiyam, giyar waya, da birkin da ake samun takalminsa a garinku. Masu turo bidiyo kuma, don Allah in kun turo na gaba ku haɗa da farashin sarƙarsa da sunan shagon da ake sayar da ita a Kano ko Abuja.