A Koya Wa Samarinmu Zane Da Hutun Damina

Jama'a, dogon hutun makaranta yakan faɗo da damina, sa'ad da karkarar Gwarzo da Kabo ta yi kore shar. Me zai hana malamai su riƙa tara samari bayan la'asar, in an taso daga gona, su koya musu zane?

Waɗansu iyaye sukan ce zane haramun ne. To, siffar mai rai ita malaman addini suka tsawata a kai. Kuka da dutse da gonar dawa ba su ciki. Waɗansu kuwa su ce wasa ne. Haba! Yaron da ya iya auna abu da ido, ya gane yadda hanya ke tsukewa in ta yi nisa, shi ne gobe zai zana taswira ko fasalin gini.

Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, daga Kudu suka zo, suka yi suna. Namu fa, jikokin magina masu zanen bango? Gawayi da takarda sun isa a fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.