Gajere Da Wando Mai Faɗin Ƙafa

Jama'a, wandon nan mai faɗin ƙafa ya sake dawowa, har ya cika kwalejinmu. Ni ban ƙi shi ba, gama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun sa buje, amma fa su a kan doki suke, kuma akwai kamun ƙafa mai riƙe wando a idon sawu. Na yanzu kuwa a sake yake.

Dogo ya sa, ya yi masa kyau. Amma mu gajeru, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi. A ce an tura ka wata makaranta a Dala gwajin koyarwa. Ka tsaya gaban allo, wando ya sharo ƙurar unguwa duka, in damina ce kuwa taɓo. Yara sai su bar allo su koma kallon ƙafarka. Kafin tashi sun laƙaba maka suna, sunan yara kuwa in ya kama malami, har ya bar makarantar ba ya sakinsa.

Shawarata ita ce, in ka yanko yadi a Kasuwar Litinin, ka tsaya tela ya auna ka sosai, kada ya ruɗe ka da "haka ake yayi". Bakin wando ya tsaya a idon sawu, faɗinsa kada ya wuce tsawon takalminka. Ka ɗaure shi a cibiya. Riga kada ta kai gwiwa, kuma yadi ɗaya sama da ƙasa, don ido ya ga tsawo guda. 'Yan'uwanmu mata gajeru ma haka, ko da yake su hijabi ya rufe musu rabin maganar.