Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ya kai ɗan'uwa Kirista na ƙasar Madarunfa, zo mu yi magana tsakani da Allah.

Kirsimeti tana zuwa bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike. A nan ne ake yi maka wayo. 'Yan kasuwa sun san kana son kuɗi da gaggawa. Sai su sayi hatsinka da araha, su tara, su jira. Kai kuwa ka ɗauki kuɗin ka nufi Maraɗi ko Ɗan Isa. Ka sayo anko, ka sayo takalmi, ka canza wayar da ba ta lalace ba. Ranar biki ka shiga majami'a kana taƙama, kana satar kallon wa ya fi wa.

To, damina ta zo. Tiyar da ka sayar da araha, yanzu kai ne kake nemanta da tsada. Gwauruwar da ke bayan gidanka ta aiko yaro neman abin dama kunu. Ka ce babu. Gaskiya ka faɗa, babu. Amma ina hatsin ya tafi? Yana cikin akwati, ya zama tufafi.

Kada ka manta da yunwar 2005. A shekarar nan jihar Maraɗi ta sha wuya ƙwarai. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ba shi da kuɗin saye. Yara da yawa sun mutu.

Wani zai ce, "Gumina ne, ba mai hana ni ado." Ba a hana ka ado ba. Wanke rigarka, ka ɗinka wa yaranka sabuwa in kana da hali. Amma adon da aka yi da abincin watan Yuli, ko da bashi, zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Wani kuma zai ce, "Ai ina ba da baiko." Madalla. Amma yaya kake bayarwa? Akwai masu jira sai an kira sunansu da lasifika, an tafa musu, sa'an nan su sa hannu a aljihu. Wanda ya yi haka ya sayi yabo ne, kamar yadda ake sayen turmin atamfa. A cikin Markus sura 12, Yesu ya ga masu kuɗi suna zuba da yawa, amma gwauruwa mai 'yan kuɗi biyu ita ya yaba. A Luka sura 12 ya ba da misalin manomin da ya yi niyyar rushe rumbunansa don ya gina manya, ya mutu a wannan dare. A Yohanna sura 13 shi da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Wanda aka haifa aka kwantar a wurin cin abincin dabbobi, shi kake yi wa biki da gasar kaya?

Dubi maƙwabtanmu Musulmi. Mai tsoron Allah a cikinsu, in gonarsa ta yi albarka, yakan fitar da dami ɗaya cikin goma tun kafin ya sa hatsi a rumbu. Dubi kuma Danja, nan kusa da mu. Tun 1956 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare a can, ana wanke gyambon mutanen da wasu ke gudu. Da irin wannan aiki aka san Kirista a ƙasar nan.

Saboda haka bana, kafin mai awo ya shigo gidanka, ka fara ware abincin iyalinka har zuwa sabuwar kaka. Ka ware iri. Ka ware rabon gwauruwa da maraya, Kirista ne ko Musulmi, ka kai musu da dare ba tare da shela ba. Abin da ya rage, ka je kasuwa da shi.