Ciwon Suga: A Gwada Jini Tun Kafin Azumi

Muna jan hankalin jama'ar Limawa da sauran unguwannin Dutse a kan wata cuta da ke cin mutum a ɓoye, wato ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Asalinsa shi ne jiki ya gaza samar da isasshen sinadarin insulin, ko ya kasa amfani da shi, sai suga ya taru a jini yana lalata jijiyoyi, da ƙoda, da idanu.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne, fassararmu ce take karkacewa. Mutum ya riƙa tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙishirwa ba ta yankewa, sai a ce zafin bazara ne. Yana ci yana ramewa, sai a ce sammu. Ganinsa ya koma dishi-dishi, tafin ƙafarsa ya yi dindiris, ƙaramin rauni ya zama gyambo, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, amma maimakon asibiti sai a nufi mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, wanda ƙulli ɗaya nasa wai yana warkar da cuta goma. Da yawa kuma ba sa jin komai sai ɓarnar ta yi nisa.

Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa. Idan aka auna kafin karin kumallo aka sami 7.0 ko fiye a ma'aunin milimol, likita zai maimaita don tabbatarwa. Ga Babban Asibitin Dutse, ga na Rasheed Shekoni. Babu uzurin nisa.

Abin da ya fi damunmu shi ne watan Ramadan. Allah ya albarkaci Dutse da dabino, sai dai cika ciki da shi, a bi da kunu mai suga da lemon kwalba, hatsari ne ga mai wannan cuta. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ƙin karɓarsa ba ƙarin taƙawa ba ne. Duk mai shan magani ko allurar insulin ya ga likita tun a Sha'aban. Idan yana azumi ya ji karkarwa da zufa da jiri, ko awonsa ya sauka ƙasa da 3.9, to ya sha ruwa nan take, kada ya jira kiran magariba.