BINDIGAR TOKA BA TA SAN JARUMI BA

Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji.

Shekaranjiya na je duba wani ɗan maƙwabcinmu a asibiti. Matashi ne, tela, da hannun damansa yake ci da iyayensa. Wurin rakiyar ango ya karɓi bindigar toka ta wani abokinsa, abokan ango suna zuga shi wai a ƙara albarushi don garin ya ji. Ya danna kunama, bututun ya tsage a hannunsa. Yatsu uku sun tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya shigo dubiya kalma ɗaya ce a bakinsa: ƙaddara ce.

Na yi imani da ƙaddara, wallahi. To amma bindigar nan tun babbar sallar bara take jingine a lungun ɗaki ba wanda ya wanke ta. Haba! Sakacinmu ne, mu daina laɓewa a bayan ƙaddara.

Ga yadda abin yake. Albarushi idan ya ƙone yana barin baƙar dauɗa a cikin bututu, ita kuma dauɗar jan danshi take yi. Damina ɗaya ta ishe ta zama tsatsa mai cin ƙarfe ta ciki, alhali waje sumul. Maganinta ba ya buƙatar ko sisi: a ranar da aka yi harbi a wanke bututun da ruwan zafi, a tsane shi sarai da tsumma, a shafa mai kaɗan. Tsofaffin maharba haka suke yi, shi ya sa suka tsufa da yatsunsu goma.

Sai batun ɗuri. Kowace bindiga tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma da ma'auni ake zubawa, ba da tafin hannu ba. Ba a tuttulawa kai tsaye daga gora, domin ragowar garwashi a ciki kan iya tayar da goran duka a fuskar mutum. Ba a barin sarari tsakanin albarushi da abin da aka toshe shi da shi. Ba a kwance harsashin zamani a juye garinsa a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta nesa ba kusa ba. In ta ƙi tashi, ba a leƙa bakinta, a jira, don takan tashi a makare. Sannan a yi wa sandar ɗuri alama, yadda da an zura za a gane ko akwai tsohon ɗuri. Ɗuri kan ɗuri ya nakasa mutane da yawa.

Turawa ma ba wai sun fi mu ƙarfin zuciya ba ne. A Birmingham ta Ingila tun 1813 suka kafa gidan gwajin bindigogi, ba a sayar da bututu sai ya jure gwaji an buga masa hatimi. Mu kuwa sai a yanko bututun ruwa mai ɗinkin walda a jikinsa, a ɗaura wa kota, a miƙa wa yaro. Wa ya gwada?

Na san wasu za su ce a haramta ta kawai a huta. Ban yarda ba. Hawan sallah a Dutse, tun daga fadar Garu har cikin gari, ba zai yi armashi ba in babu 'yan bindiga. Maharba da 'yan banga a ƙauyuka ita ce abin hannunsu. In ka haramta, ɓoyewa za a yi, hatsarin ya ƙaru. Wasu kuma za su ce ai suna da tauri. To bawan Allah, naka ne, yaron da ke tsaye gefenka yana kallo fa? Ko ba harsashi a ciki, tsumman da aka toshe ta da shi yana iya fasa ido in aka harba kusa.

Kirana ga Masarautar Dutse ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Hameem Nuhu Sanusi, Allah Ya ja zamaninsa, da hakimai daga Kiyawa zuwa Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram: kafin kowane hawa a tara 'yan bindiga, sarakunan baka da manyan maƙera su duba kowace bindiga, wadda ta ci tsatsa a ajiye ta. A tsayar da ma'auni. A hana aron bindiga ga wanda bai koya ba. Dokar makamai ta 1959 ma ta ambaci irin waɗannan bindigogi, don haka 'yan sanda su shigo da wayar da kai, ba kame kaɗai ba.

Ku kuma abokan ango, ƙara ba ta ɗaura aure. Yaron nan yanzu ko almakashi ba zai iya riƙewa ba, masu zuga shi kuwa ko ɗaya ban tarar a asibitin ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ke da bindiga a gida, yau ɗin nan ya ɗauko ta ya duba. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa mu gane.