Filin Dabarun Karkara: Eriyar Gida Tana Jawo Muryar Nesa

Bazara ta yi nisa, damana tana tafe. A ƙasar Magariya da Dungas, manomi yana son ya ji labarin ruwa kafin ya zuba iri. Makiyayi yana son ya ji kuɗin dabbobi kafin ya kora bisashe zuwa kasuwa. Radiyo ke kawo wannan labari. Amma a ƙauyuka da yawa, in an buɗe akwati sai shuuu kawai ake ji. Sai maigida ya ce akwatin ya mutu, ya yi shirin sayar da akuya ya sayi sabo. Sau da yawa akwatin lafiyarsa lau. Abin da ya rasa shi ne eriya mai kyau, wadda wasu ke kira anten.

Me ya sa murya ke ɓacewa?

Muryar tashar FM tana tafiya miƙe, kamar hasken fitila. Tudun rairayi yana tare ta, ginin ƙasa da rufin kwano suna rage ta. Daga Damagaram zuwa Magariya wajen kilometir 90 ne. Kafin murya ta yi irin wannan tafiya ta gaji. Akwatin da ke ƙasa cikin ɗaki ba ya samun ta sosai. Wayar da aka ɗaga sama ita ke tarbo ta.

Yadda ake haɗa ta

Akwai masu sha'awar radiyo a ƙasashen duniya waɗanda ke ƙera eriyarsu da hannunsu, su yi magana da juna daga nesa. Ga dabararsu mafi sauƙi.

1. A yanko wayar jan ƙarfe biyu. Kowace ta yi santimetir 75, wato wajen kamu ɗaya da rabi. Wannan awo shi ya dace da tashoshin FM, masu lamba daga 88 zuwa 108.

2. A ɗaure su a kan busasshiyar sanda, ɗaya dama ɗaya hagu, a miƙe. A bar tazarar yatsa biyu a tsakiya. Kada su taɓa juna.

3. A samo wayar talabijin, mai zare ɗaya a ciki da saƙa a kewaye. A haɗa zaren ciki da waya ɗaya, saƙar kuma da ɗayar.

4. A ɗaga sandar a kan doguwar gora, ta wuce rufin ɗaki.

5. A cikin ɗaki, a naɗa zaren ciki a jikin eriyar akwatin.

6. Yaro ya riƙa juya gorar sannu sannu, maigida yana saurare. In murya ba ta fito ba, a gwada tsai da sandar a tsaye. Inda ta fita tangaram, nan za a kafe.

Mai son tashoshin gajeren zango, nasa aikin ya fi sauƙi. Waya guda mai metir 10 zuwa 20, a ja ta sama daga dirka zuwa ɗaki, ta isa.

Eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da ake gani a kan rufin gidajen birni, wannan dabara ce aka ƙara wa sanduna. Malamai biyu na ƙasar Japan, Yagi da Uda, suka fito da ita a shekarar 1926.

Batun salula

Salula mai radiyo a ciki, wayar abin sauraren kunne ita ce eriyarta. A miƙe wayar, kada a dunƙule ta. Amma naɗa wa salula waya ba ya ƙara mata rezo. Maganinta hawa tudu da fita fili. A ƙauyukan bakin iyaka, wajen Babura da Maigatari, salula takan kama rezon Najeriya da kanta, kuɗi su tafi. Sai a nemi wanda ya iya, ya tsai da ita a kan rezon gida.

Gargaɗi biyu

Na farko, aradu. Waya mai tsawo a sama tana iya jawo tsawa cikin ɗaki. Da hadari ya taso, tun kafin a fara walƙiya, a cire wayar daga akwati, a fitar da bakinta waje nesa da mutane. In da hali a kwantar da gorar. Kada a ɗaura eriya a ƙolin gawo ko giginya. Kada a kafa ta kusa da wayar lantarki. Ba labarin da ya kai ran mutum.

Na biyu, doka. Saurare na kowa ne. Amma aika murya ta iska sai da izinin hukuma. Masu sha'awar radiyon da suka sami izini ana ba kowanensu lambar kira. Ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N.

Tun shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar kulob na radiyo a Nijar. Mutanen gari kan taru gaban akwati ɗaya, su ji, su yi shawara. Wannan hanya ba ta tsufa ba. Gora ɗaya a ƙofar maigari tana iya isar unguwa duka. Wanda ya koyi haɗa ta ya koya wa maƙwabcinsa kafin ruwan shuka ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.