Tambayoyin Masu Shiga Jami'a da na Iyayensu

 A 'yan makwannin nan wasiƙu sun taru a gabanmu daga Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su, kusan dukkansu kuwa a kan magana ɗaya ce, watau yaran da suka sami gurbin karatu a jami'a. Wani ɗan kasuwa daga Kurfi ya rubuto cewa shi dai ya san awo da ciniki, amma bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, ga shi ɗansa na fari zai shiga, yana so a gaya masa abin da ke wuyansa da abin da ke wuyan yaron. Wani ma'aikacin gwamnati kuma tasa tambayar a kan 'yarsa ce. Su yaran da kansu sun tambayi hukuncin salla da bashi da jarrabawa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu haɗa amsoshin wuri ɗaya.

A da, yaron ƙasar Katsina in zai yi karatun digiri sai ya ɗauki akwati ya nufi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko kuwa Kano ko Sakkwato. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara, ɗaya daga cikinsu ta faɗo Dutsin-Ma, wata kuma Dutse ta Jihar Jigawa. Sunayen nan biyu sun yi kama, don haka a duba takardar shiga da kyau. Yau ga jami'a a ƙofar gida, to amma kusancin nan shi ne ya sa wasu iyaye suka saki jiki, suna ganin tun da yaro bai yi nisa ba, tamkar yana gabansu ne. Ba haka abin yake ba. A makarantar allo akwai malam da bulalarsa, a sakandare akwai ƙararrawa da kiran suna, amma a jami'a babu mai tashin ɗalibi da asuba, babu mai tambayarsa inda ya kwana. An danƙa masa lokacinsa da kuɗinsa da addininsa a hannunsa rana ɗaya. Duk tambayoyin da aka aiko mana daga wannan tushe suka tsiro, kuma ya kamata a gama shawara a kansu tun yaro bai shiga mota ba.

Tambaya ta farko ita ce ta rajista. Ɗalibi ya haɗa takardunsa na asali: takardar shiga ta hukumar JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukumarsa. Ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kansu duka, domin harafi ɗaya da ya saɓa yakan tsayar da mutum a ƙarshen karatu, lokacin tafiya hidimar ƙasa. Kuɗin makaranta kuwa ta banki ko ta intanet ake biyansa zuwa asusun hukuma, a karɓi rasit a adana. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ku ba shi kuɗi a hannu zai gaggauta muku aiki, ko zai samo wa yaro wani sashe wanda makinsa bai kai ba, ku rabu da shi. In ƙarya yake yi ya cuce ku, in kuma gaskiya ne to rashawa ce, mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga cikin la'ana, kuma an danne haƙƙin wani yaro da ya fi cancanta.

Tambaya ta biyu ita ce ta wurin kwana. Jami'ar Dutsin-Ma tana da mazauni biyu, akwai na cikin gari inda aka fara karatu, akwai kuma na dindindin a wajen gari kan hanyar Ƙanƙara. Sai ɗalibi ya fara sanin inda tsangayarsa take kafin a kama ɗaki, domin kuɗin abin hawa na kullum yakan cinye sauƙin da aka samu a haya. In an sami gado a ɗakunan kwana na makaranta, shi muka fi so, musamman ga 'yan shekarar farko. In ba a samu ba, to uba ya tafi da ƙafarsa, gani ya kori ji. Ya ga ƙofa da katanga, ya tambayi ruwa, ya san mai gidan, ya gaisa da mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ya ce musu ga amanata nan. Mutumin da ba ya sayen buhun gero sai ya tsoma hannu a ciki, bai kamata ya kama wa ɗansa ɗaki ta wayar salula ba.

A nan ne amsar mai tambaya a kan 'yarsa ta shigo. Ba za mu ɓoye abin da kowa ya sani ba, a watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun shiga wani gidan haya a Dutsin-Ma cikin dare sun ɗauke ɗalibai mata biyar. Tsoron uba yana da dalili. Amma ba mu ga maganin abin shi ne a hana yarinya karatu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'yan taru masu kai ilmi ga matan karkara. Mu ne kuma muke kuka in matanmu sun je asibiti ba su tarar da mace mai duba su ba. Abin da ke kan uba shi ne ya zaɓi wuri mai tsaro cikin jama'a, ya guji gidajen da ke bakin gari, ya sa ta zauna tare da 'yan'uwanta mata waɗanda ya san iyayensu, ya haɗa ta da wani gida na mutunci a garin, kuma a daina tafiyar dare tsakanin gida da makaranta.

Tambaya ta uku ta salla ce, ta kuwa rabu biyu. Wasu sun ce, shin ɗalibi matafiyi ne, zai yi ƙasaru? A mazhabar Imamu Malik tafiyar ƙasaru buridi huɗu ce, watau mil 48, wajen kilomita 80. Daga birnin Katsina zuwa Dutsin-Ma wajen kilomita 60 ne, bai kai ba, balle daga Kurfi. Wanda ya taso daga Kano ko Zariya ko Sakkwato zai yi ƙasaru a kan hanya, amma da zarar ya iso da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika sallarsa, Juma'a kuma ta hau kansa. Zangon karatu kuwa wata da watanni ne.

Wasu kuma sun ce, yaya za a yi in lacca ta ci karo da salla? Ku sani Allah Ya yalwata lokaci. Lokacin zaɓi na Azahar yana farawa daga gushewar rana daga tsakiya har inuwar abu ta ƙaru da misalin tsawonsa, na La'asar kuma daga nan har rana ta yi fatsi-fatsi. Wanda laccarsa ta kama daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, ya yi alwala ya sallaci Azahar kafin ya shiga. In rana ta matse ƙwarai, ya halatta ya jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta na zaɓi, ya kawo La'asar a farkon nata, kowace ta faɗo cikin lokacinta. Magariba ce mai ƙuncin lokaci, ita ba a wasa da ita. Abin da ba shi da mafaka a Ahalari ko Risala shi ne tara salloli a zo a zuba su da dare da sunan karatu. Ranar da aka ba ɗalibi jadawalin laccoci, ya zauna ya ɗora shi a kan lokutan salla, ya san inda masallaci da ruwa suke kusa da kowane ɗakin karatu.

Tambaya ta huɗu ta guzuri ce. Mai tambayarmu na Kurfi ya ce, shin wajibi ne a kansa ya ɗauki nauyin ɗa baligi? Malamanmu sun ce ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana mai iya neman na kansa, 'ya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Ashe ke nan abin da uba ke kashewa a kan saurayi ɗan jami'a kyautatawa ce da sadar da zumunta, ladarta kuwa babba ce. Mun faɗi wannan ne domin samari su ji, su san kuɗin nan gumin wani ne, wataƙila rago aka sayar ko aka taɓa jari. Shawararmu ita ce a yanka wa yaro abin da za a iya a kowane wata, a gaya masa adadin da ranar, a haɗa masa da tsaba, gero da wake da garin kwaki da manja, domin dafawa ta fi saye sauƙi nesa ba kusa ba. Ku kuma attajirai, ɗalibi matalauci wanda ciyar da shi ba ya kanku yana cikin waɗanda zakka ke halatta a gare su.

Game da bashin karatu na gwamnati, dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilu na 2024, wadda asusun NELFUND ke aiki da ita, ta tanadi cewa babu ruwa a kan bashin, kuma za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashin da za a mayar da shi daidai yadda aka karɓa ba riba ba ne, ya halatta. Amma bashi ne, ba rabon ganima ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa janyewa daga sallar gawar wanda ake bi bashi har sai da wani ya ɗauke masa. Mai buƙata ya karɓa da niyyar biya, wanda Allah Ya hore wa ya bar wa mabuƙata.

Tambaya ta biyar ta jarrabawa ce. Galibin jami'o'in ƙasar nan suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a zauna jarrabawa, kuma kashi 30 ko 40 na maki daga gwaje-gwajen cikin zango yake fitowa. Wanda ya ci 70 zuwa sama a darasi ya sami maki 5, sai a riƙa haɗa makin kowane zango da na baya ana fitar da matsakaici, wanda ya tashi da 4.50 shi ne mai daraja ta ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, sakacin shekarar farko yana bin mutum har ranar fita, kamar ɗan kasuwar da ya ci uwar kuɗi tun a watan farko. Uba yana da haƙƙin ya ce a nuna masa sakamakon kowane zango, ko da ba ya karanta boko, sai ya sami amintacce ya duba masa.

Satar amsa kuwa algus ce. 'Yan kasuwa sun san hadisin da Muslim ya ruwaito, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Annabi ya sa hannu ya ji danshi, ya barranta daga mai algus. Takardar digirin da aka samu ta maguɗi irin wannan tarin abinci ce, kuma da ita za a ci albashi shekara talatin da biyar. Hukuncinta a jami'a yakan kai ga kora, ko da a shekarar ƙarshe ne.

Tambaya ta shida ta abokai ce. Jami'ar tarayya ta kowa ce, ɗalibi zai iya samun kansa ɗaki ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Wannan maƙwabci ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke, a kyautata masa, kada a cuce shi, kada a zagi abin da yake girmamawa. Wanda muke jin tsoro shi ne abokin da zai miƙo ƙwaya da sunan maganin barci ko ƙarfin karatu, ko ya ja yaro zuwa ƙungiyar asiri, ko da sunansa irin namu ne. Ba a banza gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018 ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, tana da rassa a manyan makarantu, sabon ɗalibi ya neme ta ta hanyar masallacin makaranta. Sai dai ya tuna karatu aka aiko shi, kada hidimar ƙungiya ko jayayyar ɗariƙa da aƙida ta cinye masa zango.

Daga ƙarshe, a shirya wa jinkiri. A 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In irin haka ta faru, ko aka yi dogon hutu, yaro ya koma rumfar ubansa ko gona ko wurin mai sana'a, ya kuma koma gaban malamin zaure ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ga mai tambayarmu na Kurfi muna cewa, rashin karatun boko bai sauke maka wannan nauyi ba, bai kuma hana ka ɗaukarsa ba. Dutsin-Ma ba ta yi maka nisa ba. Ka je ka ga ɗakin, ka san abokin kwanansa, ka tambaye shi inda yake sallar Asuba, ka nemi sakamako a ƙarshen kowane zango. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayar da aka aiko a kan auren ɗalibi kafin ya gama karatu. Allah Shi ne Mafi sani.